Igiyar Takalmi: Me Ke Kwance Ƙulli, Kuma Me Zai Maye Gurbinsa?

Gabatarwa

Garin Jibiya yana yamma da birnin Katsina, tafiyar da ba ta kai kilomita 50 ba. Daga Magama, inda jami'an kwastan da na shige da fice suke, mota kan tsallaka zuwa Ɗan Isa a Jamhuriyar Nijar, ta zarce Maraɗi. Ta wannan hanya dilolin gwanjo da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi shekaru da dama suna gangarowa kasuwannin Arewa, cikinsu har da takalman kambas, waɗanda samari da 'yan makaranta suka fi so. An rufe wannan iyaka a watan Agusta na 2019, aka buɗe ta a Afrilu na 2022. Aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sannan Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Duk lokacin da aka yi irin wannan rufewa, kaya sukan yi tsada. Saboda haka kambas ɗin da uba ya saya wa ɗansa a kasuwar Jibiya, wadda ke ci ranar Lahadi, abu ne da ake so ya yi ƙarko.

To amma akwai wata matsala. Yawancin waɗannan takalma an ƙera su ne don mutumin da zai ɗaure igiyarsa da safe, ba zai kwance ba sai dare. Mu kuwa a ƙasar Hausa mukan tuɓe takalmi domin alwala da salla sau biyar a rana, mu tuɓe in za mu shiga ɗaki, ko makarantar Islamiyya, ko zauren wani babba. Ɗalibi yana iya tuɓe takalminsa sau goma kafin ya kwanta. Da ya gaji da sunkuyawa, sai ya zaɓi ɗayan biyu: ko ya bar igiyar sakwa-sakwa, ko ya take bayan takalmin ya mayar da shi silifa. Wanda ya dubi takalman da ke jere a ƙofar masallacin kowace makarantar sakandare zai ga shaidar haka.

Wannan maƙala za ta duba aikin da igiya ke yi wa ƙafa, da dalilin da ƙulli ke kwancewa, da kuma dabarun da aka ƙirƙiro don a riƙa zura ƙafa a kambas ba tare da ɗauri ba.

Ƙafa da Tsarinta

A kowace ƙafar ɗan Adam akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi fiye da 100 da ke ɗaure da su. Wato ƙasusuwan ƙafafu biyu sun kai kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasusuwa 206 da ke jikin baligi. Ba a shimfiɗe suke ba. Daga dunduniya zuwa gindin yatsu an jera su ne a lanƙwashe, tamkar bakan gizon da maginanmu ke ɗora rufin soro a kai. Idan mutum ya taka ƙasa, wannan baka yakan ɗan baje, jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa su miƙe. Idan ya ɗaga, sai su koma, su cilla shi gaba. A shekarar 1987 masana ilimin halittu a Jami'ar Leeds ta Ingila, cikinsu har da Farfesa McNeill Alexander, sun auna cewa bakan ƙafa yana ajiye kimanin kashi 17 cikin 100 na ƙarfin kowane taku a lokacin gudu, ya kuma mayar da shi. Agara kuwa tana ajiye kimanin kashi 35.

Abin lura a nan shi ne, ƙafa ba ta da siffa ɗaya tak. Tana faɗaɗa tana tsukewa a kowane taku. Tana kuma ɗan kumbura da yamma, musamman a lokacin zafi ko bayan doguwar tsayuwa, saboda ruwan jiki yana taruwa a ƙasa. Fasinjan da ya yini a takure cikin mota daga Maraɗi zuwa Kano ya san yadda takalmi kan matse shi kafin ya sauka.

Bugu da ƙari, a bayan ƙafa, daidai inda igiya ke ratsawa, fata ba ta da kauri, babu kuma tsoka mai yawa. A nan wata jijiyar jini ta bi zuwa yatsu, tare da jijiyoyin da ke kai saƙon taɓi da zafi zuwa ƙwaƙwalwa, da waɗanda ke ɗaga yatsu sama. Duk abin da ya matse wannan wuri fiye da kima zai jawo mutuwar yatsu ko zugi.

Aikin Igiya

Igiyar takalmi ba sabuwar dabara ba ce. A shekarar 2008 an tono wani takalmin fata a cikin wani kogo a ƙasar Armeniya, wanda aka ƙiyasta ya shekara 5,500, kuma da tsirkiyar fata aka ɗaure shi. Abin da ya sa dabarar ta daɗe haka shi ne tana biyan buƙatu biyu masu karo da juna: bakin takalmi ya buɗe sosai lokacin da ƙafa za ta shiga, ya kuma tsuke sosai bayan ta shiga.

Idan igiya ta ɗauru daidai, tana riƙe tsakiyar ƙafa, ta tura dunduniya baya ta zauna a mazauninta. A lokacin gudu, ƙarfin da ƙafa ke dukan ƙasa da shi yakan ninka nauyin jiki sau biyu zuwa uku. In babu riƙo, ƙafa za ta riƙa zamewa gaba, yatsu su daki bakin takalmi, farce ya yi baƙi, dunduniya kuma ta riƙa gugar fata har bororo ya fito. Wani bincike da Marco Hagen da Ewald Hennig suka gudanar a Jamus suka wallafa a 2009 ya nuna cewa idan aka ɗaure igiya tamau har ƙofofin sama, dukan da ƙafar mai gudu ke sha yana raguwa, haka ma saurin karkatarta zuwa ciki.

Igiya tana wannan aiki ne kamar yadda mai jaki ke ɗaure kaya. Duk ƙofar da ta ratsa ta juyo, tana jan ɓangarorin takalmin biyu zuwa ga juna, sai ƙaramin ja a bakinta ya rarrabu a tsawon ƙafa duka. Wani masanin lissafi a Jami'ar Monash ta Ostareliya, Burkard Polster, ya nuna a mujallar Nature a 2002 cewa takalmi mai ƙofofi shida a kowane gefe ana iya zura masa igiya ta hanyoyi 43,200. Ya kuma gano cewa hanyoyi biyun da mutane suka saba da su, wato ta gicciye da ta miƙe, su ne suka fi ƙarfin riƙo.

Me Ke Kwance Ƙulli?

Wannan tambaya ce da za a ɗauka wasan yara ce, amma sai a 2017 aka amsa ta ta hanyar gwaji. Injiniyoyi uku a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka, Christopher Daily-Diamond da Christine Gregg da Oliver O'Reilly, suka ɗauki hoton ƙulli da kyamara mai saurin gaske yayin da ɗayarsu ke gudu a kan na'urar motsa jiki. Sai suka ga abubuwa biyu ne ke taruwa a kansa.

Na farko shi ne dukan ƙasa. Duk lokacin da ƙafa ta sauka, ƙullin yakan sha girgiza da ta kai ninki bakwai na ƙarfin da ƙasa ke jawo abubuwa da shi. Wannan yana sa cibiyar ƙullin ta miƙe ta saki, gogayyar da ke tsakanin zaruruwan ta ragu. Na biyu shi ne lilon ƙafa. Idan ƙafa ta yi gaba, jelar igiyar biyu sukan yi bulala, kamar wani hannu da ba a gani yana fizgar su. Da masanan suka raba abubuwan biyu, wato buga ƙafa a ƙasa kawai, ko lilo da ita kawai, ƙullin bai kwance ba. Sai sun haɗu. Kuma da zarar jela ta ɗan zame, tsawonta ya ƙaru, fizgar ta ƙaru, sai ƙullin da ya yini lafiya ya warware cikin 'yan taku kaɗan. Ko gwanaye ba su tsira ba: a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, Usain Bolt na Jamaika ya kammala tseren mita 100 cikin daƙiƙa 9.69 da igiyar takalminsa a kwance.

Sai dai ƙulli iri biyu ne, ko da yake a ido kamar ɗaya suke. Ɗaurin takalmi hawa biyu ne: ana fara harɗe jela biyu, sannan a harɗe kunnuwa biyu a samansu. Idan a hawan farko dama ta hau kan hagu, a hawa na biyu kuma hagu ta hau kan dama, an sami ƙulli mai ƙarfi, wanda ja ke ƙara tamke shi. Idan kuwa gefe ɗaya ne ya hau sama a hawa biyun, an sami ƙulli rarrauna, mai murɗewa. Gane su ba wuya. Mai karatu ya ɗaure takalminsa, ya ɗan ja gefunansa biyu, ya duba. In kunnuwan sun kwanta a gicciye, ɗaya dama ɗaya hagu, ƙullin mai ƙarfi ne. In sun juya sun miƙe, ɗaya na duban yatsu ɗaya na duban ƙwauri, rarrauna ne. Gyaran kuwa ɗaya ne tak: a juya harɗin farko, a bar na biyu yadda hannu ya saba. A gwajin Berkeley ma rarraunan ya fi yawan kwancewa, ko da yake mai ƙarfin shi ma yakan saki in an matsa masa.

Illar Take Bayan Takalmi

A cikin bangon da ke rungume da dunduniya akwai wani tauraren abu, na roba ko na kwali, da aka lanƙwasa don ya hana dunduniya karkata. Idan aka take shi ya karye, ba ya komawa yadda yake, ko da mai gyaran takalmi ya yi ƙoƙari. Daga nan takalmin ya rasa rabin amfaninsa. Mai shi zai riƙa ƙanƙame shi da yatsu don kada ya fice, ya riƙa jan ƙafa, kuma targaɗe ya fi saurin samunsa a kan hanya mai gargada. Igiyar da aka bari tana jan ƙasa ita ma tana da nata haɗarin: tana iya harɗe mai ita, ko ta shiga sarƙar keke ko ta babur.

Dabarun da ke Maye Gurbin Ɗauri

*1. Igiyar roba da maƙulli.* Ana cire igiyar zare a zura ta roba mai miƙewa, a haɗa bakinta biyu cikin wani ɗan maƙulli mai sifirin, irin wanda ake gani a igiyar jakar makaranta ko ta rigar sanyi. In an danna shi ƙofa ta buɗe, igiya ta wuce. In an saki, sifirin ya danne ta. Sau ɗaya ake daidaita shi. Sirrin yana cikin robar ne. Ƙwayoyin da suka haɗa ta dogaye ne kamar zare, a cukurkuɗe. Ja yana miƙar da su, sakewa kuma yana mayar da su cukurkuɗarsu. Ɗanyen ƙaron itacen roba, wanda ake nomawa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba, yakan yi danƙo da zafi ya sandare da sanyi. Charles Goodyear ne ya gano a 1839 cewa dafa shi da farar wuta yana ɗinke zaruruwan da juna, ya ba shi juriya. A 1958 kuma Joseph Shivers na kamfanin DuPont ya samar da zaren spandex, mai miƙewa har ninki biyar na tsawonsa.

*2. Gajerun robobi.* Maimakon igiya guda, kowace ƙofa da takwararta ana haɗa su da ɗan guntun roba mai kai a kowane baki. Amfaninsu shi ne ana iya sassauta wuri ɗaya a tsuke wani. Aibinsu kuwa, ba a iya ƙara musu tsauri da rana tsaka.

*3. Kafe bakin igiya.* Wannan ba ya cin ko kwabo. A daidaita igiyar zare yadda ƙafa za ta iya shiga, a zura kowace jela ta ƙofar ƙarshe, a yi mata ƙulli a gefe don kada ta zare. Akwai kuma 'yan maƙalai na roba da na maganaɗisu masu yin wannan aiki. Tun da igiyar zare ba ta miƙewa, faɗin da ya bar ƙafa ta shiga shi ne zai bar ta ta riƙa motsi a ciki. Wannan dabara ta zaman aji ce da tafiya kusa.

*4. Velcro.* Duk wanda ya ratsa gona a karkarar Jibiya bayan damina ya san ƙarangiya. Idan aka duba ƙayarta da madubin ƙara girma, za a ga 'yan haƙora masu duban baya, shi ya sa shigarta sauƙi, fitarta wuya. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya lura da yadda 'ya'yan wata ciyawa ta ƙasarsu suka maƙale a jikin karensa. Ya duba, ya ga ƙananan ƙugiyoyi ne. Sai ya ƙera ƙyalle biyu, ɗaya mai ƙugiyoyi, ɗaya mai zarge-zarge, ya sami rajistar ƙirƙirarsa a 1955. Kamfanin Puma ya sa shi a takalman wasanni a 1968. Ƙura da zare da ita kanta ƙarangiyar sukan cika ƙugiyoyin har su daina kamawa. Tsohon buroshin haƙori yana tsefe su.

*5. Maɓalli mai juyawa.* Tun 2001 kamfanin BOA na Amurka ke yin wani maɓalli da ake murɗawa ya naɗe siririyar waya. Riƙonsa yana da kyau, amma in ya lalace gyaransa sai da kayan kamfanin.

Cikin duka biyar, ta farko ita ce ta fi dacewa da halinmu. Mai sayar da kayan ɗinki yana da roba mai zagayayyen jiki, tsohuwar jaka tana da maƙulli, mai gyaran takalmi kuma zai haɗa su cikin mintoci. Sai dai a tuna roba tana da maƙiya: rana, da zafi, da fetur, da baƙin mai. A Jibiya zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, don haka a ajiye takalmi a inuwa, a kuma sauya robar da zarar ta saki.

Wa Ya Dace da Wace?

Ma'auni ɗaya ne: dunduniya ta zauna, jini ya gudana. A sa takalmin a yi ɗage. In dunduniya ta fice, riƙon bai isa ba. A gwada zura yatsa ɗaya ƙarƙashin igiyar. In ya ƙi shiga, ko an tuɓe an ga shatar igiya a fata, ya yi yawa.

Ga tafiya makaranta da kasuwa da masallaci, igiyar roba ta wadatar, har ma tana bin kumburin ƙafa da yamma. Ga ƙwallon ƙafa da duk wasan da ake juyi ba zato, miƙewar da ta bar ƙafa ta shiga ita ce za ta bar ta ta goce, don haka igiyar zare da ƙulli mai ƙarfi sun fi.

Akwai kuma waɗanda wannan magana ta fi shafa: tsofaffi, da mata masu tsohon ciki, da masu shanyewar ɓarin jiki, da waɗanda shan inna ko kuturta ta taɓa. A 2012 wani matashi Ba'amurke mai lalurar ƙwaƙwalwa da ta raunana hannuwansa, Matthew Walzer, ya rubuta wa kamfanin Nike cewa yana son zuwa jami'a ba tare da wani ya riƙa ɗaure masa takalmi ba. A 2015 kamfanin ya fitar da takalmin FlyEase, mai buɗewa da zif ta bayan dunduniya. Guntuwar roba tana iya ba ɗalibi irinsa a nan gida wannan 'yanci.

Masu ciwon sukari su yi hattara. Cutar tana kashe jijiyoyin ji a ƙafa, mutum ya sami rauni bai sani ba. Roba kuwa ba ta gajiya da matsa. Irin waɗannan su duba ƙafafunsu kullum, su kuma nemi shawarar likita kan takalmin da za su sa.

Gwaje-gwaje Don Aji

Na ɗaya: ɗalibai 20 masu igiya iri ɗaya su yi ƙulli mai ƙarfi a ƙafar dama, rarrauna a hagu, su zagaya fili da sassarfa na minti 10, a ƙirga waɗanda suka kwance. Kashegari a sauya ƙafa a maimaita. Malam ya tambaye su: me ya sa aka sauya ƙafa, kuma me ya sa aka ce igiya iri ɗaya?

Na biyu: kowane ɗalibi ya auna kewayen tsakiyar ƙafarsa da zare da rula, da safe da kuma bayan la'asar, har kwana biyar, ya zana sakamakon a jadawali.

Na uku: a ɗora yatsu biyu a bayan ƙafa, a kan layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, a nemi bugun jini. Wasu masu lafiya ƙalau ba a jin nasu a wannan wuri, kada hankali ya tashi. Wanda ya ji nasa ya ga abin da igiya ke dannewa.

Kammalawa

Igiyar takalmi tana da aiki biyu: ta riƙe ƙafa a mazauninta, ta kuma bar ta ta numfasa. Duk dabarar da ta cika waɗannan biyu karɓaɓɓiya ce, ko daga kamfani ta fito ko daga teburin mai kayan ɗinki. Take bayan takalmi bai cika ko ɗaya ba, ga kuma asarar kuɗin iyaye. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Muna kira ga malaman kimiyya da na motsa jiki su ware darasi guda su koya wa ɗalibai bambancin ƙulli biyun nan, su kuma gudanar da gwaje-gwajen da muka kawo, domin ɗalibai su ga sakamakon da idonsu.